Komawa Zanen Goyo: Manyan Yara da Bukatar Lallashin Iyaye a Ƙasar Zamfara

A garuruwa da ƙauyukan da ke tsakanin Gusau da Tsafe da Bungudu, akwai wani kuka da iyaye suka yawaita yi a 'yan shekarun nan, wanda ba ya shiga rahoton da ake kai wa hukuma, domin ba a lissafa shi cikin asarar rai ko ta dukiya. Kukan kuwa shi ne, yaro ya girma, ya yi wayo, har an fara aikensa kasuwa ko an ba shi kiwon tumaki, sa'an nan a wayi gari ya koma halin ɗan yaye. Ba ya yarda uwarsa ta ɓace masa da gani ko da zagayawa za ta yi. Ba ya kwana sai a jikinta. Wani ya koma tsotson yatsa, wani ya koma fitsarin kwance bayan ya shekara biyar da dainawa, wata kuma ta koma maganar shagwaɓa irin wadda ta bari tun kafin ta shiga makarantar allo.

A ɗauki misali da yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya a gari kamar Rawayya, cikin ƙaramar hukumar Bungudu. Yarinya ce mai talla, mai rainon ƙanenta, wadda ta iya tuƙa tuwon gida in ta kama. Aka kwana uku ana jin harbi daga wani ƙauye na kusa, mutanen gidan suka kwana a gona. Bayan ƙura ta lafa aka komo, sai ga ta tana bin uwar tana cewa, "Inna, ki goya ni." Uwar ta yi dariya da fari, daga baya ta yi faɗa, a ƙarshe ta ɗauki tsumagiya. Maƙwabta suka ce sangarta ce, wasu suka ce iska ce ta shafe ta a dajin da aka kwana. Wannan lacca za ta duba abin da ya sami irin wannan yarinya, da yadda gidan Bahaushe ya saba maganin abin tun da can ba tare da ya ba shi suna ba, da kuma dalilin da ya sa maganin ya fara gagara a yau.

Abin da masana suka gano

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura cewa girman yaro ba miƙaƙƙiyar hanya ba ce wadda in an wuce zango an wuce shi ke nan. Duk abin da yaro ya koya daga baya, kamar riƙe fitsari da dare, ko kwana shi kaɗai, ko haɗiye kuka, shi ne yake fara suɓuce masa idan ya shiga matsi. Abin ya yi kama da sabon gini da tsohon gini a lokacin damina: katangar da ba ta gama bushewa ba ita ce ruwa yake fara ci.

An rubuta wannan al'amari filla-filla a Ingila a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A farkon watan Satumba na 1939 gwamnatin ƙasar ta kwashe mutane wajen miliyan ɗaya da rabi daga manyan birane zuwa karkara cikin 'yan kwanaki, galibinsu yara, don gudun bama-baman Jamus. Babban abin da masu masauki suka yi ta kuka da shi shi ne fitsarin kwance, har a wurin yaran da suka daɗe da dainawa a gidajen iyayensu. Anna Freud da Dorothy Burlingham, waɗanda suka riƙe gidajen renon yara a unguwar Hampstead ta birnin Landan daga 1941 zuwa 1945, sun rubuta abin da suka gani da idonsu. Abin da ya fi ba su mamaki shi ne, yaron da ya zauna cikin birni tare da uwarsa ana ruwan bama-bamai, muddin uwar tana da natsuwa, sau da yawa ya fi zama lafiya bisa wanda aka kai wuri mai aminci aka raba shi da ita. Watau a wurin yaro, aminci ba wuri ba ne, mutum ne.

Likitan nan John Bowlby ya faɗaɗa wannan magana a cikin rahoton da ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya a 1951, da littattafan da ya fara fitarwa daga 1969. A ganinsa, manne wa babba a lokacin tsoro halitta ce da aka yi ɗan Adam da ita, kamar yunwa da ƙishirwa, kuma ba ta ƙarewa da yaye. Tana raguwa ne, ta kwanta, ta jira ranar da za a bukace ta. Abin lura a nan shi ne, hujja mafi ƙarfi da ta fara tabbatar da ra'ayin nasa daga Afirka ta fito. Abokiyar aikinsa Mary Ainsworth ta zauna a Yuganda a 1954 da 1955, tana ziyartar matan ƙabilar Ganda a ƙauyukan da ke kusa da Kampala, ta kuma fitar da littafi a kan binciken a 1967. Ta lura cewa yaron da ya tabbata uwarsa tana nan idan ya waiwayo, shi ne ya fi yin nisa wajen wasa da bincike. Wanda ba shi da wannan tabbaci kuwa, shi ne yake liƙe wa zane. Wannan ya saɓa wa abin da mutane da yawa suke zato, cewa yawan lallashi shi ne yake hana yaro tsayawa da ƙafarsa.

Ilmin jiki ya zo daga baya ya bayyana yadda abin yake gudana. Idan mutum ya firgita, wasu 'yan ƙululai da ke bisa ƙoda sukan saki sinadarai cikin jini, daga cikinsu akwai adirenalin da kotisol, sai zuciya ta ƙara bugu, barci ya ƙaurace, jiki ya shirya gudu. Sashen ƙwaƙwalwa da ke can gaba bayan goshi, wanda aikinsa ne ya auna haɗari ya ce wa jiki ya isa haka, ba ya gama nuna sai mutum ya kai shekara ashirin da 'yan kai. Saboda haka yaro ɗan shekara goma ko sha biyu, komai wayonsa da tsawon ƙafarsa, bai mallaki cikakken abin da zai kwantar wa kansa da hankali ba. Arowa yake yi daga babba: daga murya, da ɗumin jiki, da ganin fuskar da ba ta razana ba.

Cinyoyin gidan Bahaushe

Mai sauraro zai iya cewa, to, ai Bahaushe bai san Bowlby ba, kuma ya yi ƙarni da ƙarni yana renon 'ya'ya masu ƙwari. Gaskiya ne. Hasali ma tarbiyyar Hausa a fuska tana da kaushi. Ana yaye yaro yana wajen shekara biyu, yayen kuma a da na farat ɗaya ne: a shafa wa nono abu mai ɗaci, ko a ɗauki yaro a kai shi gidan kaka. Ga kuma kunyar ɗan fari, wadda ta hana uwa ta kira sunansa, ko ta yi masa wasa a gaban mutane, ko ta nuna damuwa idan ya faɗi. Uba ma haka, har ya fi. Baba ta Karo, tsohuwar nan ta ƙasar Zazzau wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta a 1949 da 1950, aka buga shi a 1954, ta yi bayanin wannan kunya da yadda ake ba da yara riƙo. Ita kanta ba ta haihu ba, amma ta reni 'ya'yan dangi, suka zama nata.

A nan ne hikimar tsarin take, kuma a nan ne masu kallo daga nesa sukan yi kuskure. Al'adar da ta ɗaure hannun uwa ita ce ta saki hannun wasu. Kaka ba ta jin kunyar jika. Abokin wasanta ne, tana kiran namijin mijinta ko angonta, macen kuma kishiyarta, ɗakinta kuwa mafaka ce da tsumagiya ba ta shiga. Yaron da aka yaye can yake kwana, kuma ko ya kai shekara goma sha biyu, idan ya yi mugun mafarki ya lallaɓa ya shige bayan tsohuwa, ba wanda zai ce masa uffan. Akwai goggo, akwai ƙanwar uwa, akwai kishiyar uwa ta kirki, akwai yayar da ta goya shi yana jariri wadda har ta yi aure tana ajiye masa ɗan abin taɓawa. Ko almajirin da aka raba da gida yana ɗan shekara bakwai, abin da yake fara yi a baƙon gari shi ne ya sami uwar ɗaki, kuma duk wanda ya zauna a birnin Kano ko Gusau ya san cewa ba ragowar tuwo kaɗai yake kai shi gidan ba. Gidan gandu, mai sassa da yawa, yana da cinyoyi da yawa. Yaro bai rasa inda zai koma ƙaramin yaro na ɗan lokaci ba, sai dai ba a cinyar wadda ta haife shi ba.

Harshen ma ya nuna cewa an san abin. Akwai ƙiwuya, ta yaron da ba ya yarda da baƙo. Akwai shagwaɓa, wadda ake yi wa uzuri, musamman ga auta da ɗan lele. Akwai sangarta, wadda ake zargin iyaye da ita. Kowace uwa kuma ta san rigimar da yaro yake tayarwa idan aka yi masa ƙane, ya ce shi ma sai an goya shi, ko ya nemi komawa nono. Ba a kai wannan wurin malami. An san kwana kaɗan ne zai wuce.

Abin da ya sauya

Tun wajen 2011 ƙasar Zamfara ta shiga halin da kowa ya sani. Harin 'Yargaladima a ƙaramar hukumar Maru, cikin Afrilun 2014, ya ci rayuka fiye da ɗari a rana ɗaya. A watan Disamba na 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Jihar Katsina, maƙwabciyar Tsafe. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka shiga makarantar 'yan mata ta Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara, aka sako 279 ranar 2 ga Maris. Ranar 1 ga Satumba na 2021 aka ɗauki ɗalibai 73 a Kaya ta ƙasar Maradun, gwamnatin jiha ta rufe makarantu, aka tsayar da kasuwannin mako, aka kuma katse layukan waya na tsawon makonni. Waɗannan su ne suka shiga jarida. Abin da yaron ƙauye ya fi sani shi ne ƙarar babura da tsakar dare, da raɗe-raɗin manya, da ranar da aka ce a ɗauki abin da za a iya ɗauka.

Wannan hali ya yi wa yara illa ta fuska biyu, kuma ta biyun ce ba a cika kula da ita ba. Ta farko ita ce tsoron kansa. Ta biyu ita ce watsewar gidan gandu. Idan ƙauye ya tashi, ba ya tashi a dunƙule. Kaka ta ce ita ba inda za ta, ko a kai ta wurin wata 'yarta a Kaura Namoda. Goggo ta bi mijinta Funtuwa. Uba ya tafi neman kuɗi kudu ko wurin haƙar zinariya. Uwa da 'ya'ya biyar su sami ɗaki ɗaya a gidan wani ɗan'uwa, ko kangon da ba a gama ginawa ba a gefen Gusau ko Tsafe. Garuruwa irin su Rawayya da Nahuce da Kwatarkwashi suna cikin yankin da wannan kai-da-kawo ya shafa. Sai ya zamana a daidai lokacin da yaro ya fi bukatar cinya, cinyoyin duk sun watse, saura guda ɗaya, ita kuwa ta wadda al'ada ta koya wa kawar da kai ce. Uwar ma a firgice take, ga yunwa, ga baƙunta, ga idon masu gida. Idan ɗan farinta mai shekara goma sha biyu ya riƙe mata zane a gaban mutane, kunya biyu ce ta haɗu mata.

Kuskure ne a ɗauka kunyar nan umarnin addini ce. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sumbaci jikansa Hasan a gaban Aƙra'u ɗan Habis, wanda ya yi mamaki ya ce shi yana da 'ya'ya goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba, aka kuwa nuna masa cewa wannan rashin jin ƙai ne. Ya kuma tabbata cewa yakan miƙe ya tarbi Nana Faɗima ya sumbace ta alhali tana matar aure. Kunya ado ce, tana da amfaninta a zaman gida mai yawa, amma an gina ta ne bisa sharaɗin cewa akwai wani a gidan da zai yi abin da uwa ta bari.

Rarrabe sangarta da firgita

Malamin makaranta ko ma'aikacin jin daɗin jama'a yana bukatar ya iya bambance abubuwan da suke kama da juna a ido. Sangartaccen yaro abu yake nema: kuɗi, ko nama, ko a bar shi ya yi yadda ya ga dama, halinsa kuma ɗaya ne jiya da yau, ba ya jin nauyin kowa. Firgitaccen yaro mutum yake nema. Halin nasa yana da ranar da ya fara, wadda iyaye za su iya tunawa idan an tambaye su, yana kuma da lokutan da yake tashi, kamar faɗuwar rana, ko wucewar babur, ko shirin tafiyar uwa unguwa. Galibi shi kansa yana jin kunyar abin, yakan ɓoye tabarmar da ya jiƙa tun kafin gari ya waye.

Game da fitsarin kwance, likitoci sun ƙiyasta cewa kimanin yara 15 cikin 100 masu shekara 5 suna yinsa, ya ragu zuwa wajen 5 cikin 100 a shekara 10, da 1 ko 2 cikin 100 a shekara 15, kuma yana bin jini ƙwarai. Wanda bai taɓa dainawa ba daban, wanda ya daina wata shida ko fiye sa'an nan ya komo daban. Na biyun ne ake dangantawa da tashin hankali, amma ko shi ba a yanke hukunci sai an duba fitsarin, domin tsargiya, da ciwon sukari, da ciwon mafitsara, da sikila duk suna kawo shi. Tsohuwar dabarar nan ta ɗaura wa yaro kwaɗo a ƙugu a tara masa yara suna yi masa waƙar amalala, ga yaron da tsoro ne asalin ciwonsa, ƙara wa wuta makamashi ce.

Akwai kuma rukuni na uku da ya keɓanta da wannan jiha. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, inda ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, ta kashe yara fiye da 400. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar waɗanda suka rayu. Yaron da ya yi jinkirin magana da fahimta tun farko, wanda bai taɓa kaiwa inda tsararsa suka kai ba, ba komawa baya ya yi ba, kuma lallashi kaɗai ba zai wadatar da shi ba.

Shi kuwa firgitaccen yaro, abin da aka jarraba aka ga amfaninsa ba mai tsada ba ne. A bar shi ya kwana kusa da babba har ya gaji don kansa; mafi yawa sukan sake cikin 'yan makonni ko watanni idan hankali ya kwanta. Kada uwa ta sulale ta fita a ɓoye don gudun kukansa, domin wannan yana tabbatar masa da abin da yake tsoro. Ta gaya masa inda za ta da lokacin da za ta komo, ta kuma cika. A mayar masa da abubuwan da ya saba, lokacin cin abinci, da karatun allo na safe da na dare, da ɗan aikin da yake yi a gida, saboda aikin yana tuna masa cewa shi babba ne ba tare da an yi masa gori ba. Uban da nauyin baki ya hana shi lallashi, ya isa ya ce, "Zo mu tafi masallaci," ya riƙe hannunsa a hanya. Inda kaka take da rai kuma ana iya kaiwa gare ta, kwana bakwai a ɗakinta yakan yi abin da wata uku na faɗa bai yi ba. In abin ya wuce watanni yana ƙaruwa, ko yaro ya daina magana, ko ya daina ci, ko ya fara ambaton mutuwa, to, sai asibiti, kamar Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Gusau ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware kusa da Sakkwato.

Ma'aikacin gwamnati yana da nasa rabon, ko da bai taɓa ganin yaron ba, domin shi ne yake rubuta sunayen da za a ba masauki, shi ne yake tsara bikin miƙa ɗaliban da aka sako. Ranar 3 ga Maris 2021, da aka mayar da 'yan matan Jangebe garinsu, jawaban manya sun yi tsawo, iyayen da suke son su kama hanya kafin duhu suka kutsa zauren suka riƙa janye 'ya'yansu, hargitsi ya tashi har jami'an tsaro suka yi harbi. Wanda ya tsara taron yana ganin 'yan sakandare ne, manya, za su iya jira. Haka nan idan ana raba wa masu gudun hijira wuri, yawanci ana ƙirga magidanci da matansa da 'ya'yansa ne, tsohuwa kuwa a ɗauke ta ƙarin nauyi da za a iya turawa wani wuri. A nan ƙasar ma an taɓa gwada akasin haka. A 1954 Dakta Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, kusa da Abekuta, inda masu taɓin hankali suke zama a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti suna zuwa karɓar magani da rana, kuma sharaɗin karɓar marar lafiya shi ne ya zo da wani nasa, uwa ko 'yar'uwa ko goggo, wanda zai zauna tare da shi har a sallame shi.